Zan sayi ɗan kwikwiyo don gadin gona, mai shi ya ce in turo rabin kuɗi ya sako min shi a mota

Sadiq_MaiKaji: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da 'yar gonar kaji a bayan gari ta wajen Kumbotso, tun damina ake haura min katanga ana ɗibar kaji da ƙwai, har injin jan ruwa an taɓa kwancewa, maigadin kuma dattijo ne shi kaɗai, ba zai iya zagaye wurin duk dare ba. Sai aka ba ni shawara in nemi kare. Na ga wani a Facebook yana tallar 'yan kwikwiyon Boerboel, irin manyan karnukan nan na Afirka ta Kudu, ya ce yana Legas, satinsu biyar da haihuwa, an yi musu allura duka har ta haukan kare, kuma akwai katin allura. Ya ce in turo rabin kuɗi ya ba direban babbar mota ya kawo min Kano, in ya iso in cika sauran. Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da na ji ana sayarwa a Abuja ba. Masu sani don Allah, in tura ko in dakata?

Nazifi_Gwale: Cinikin biri a sama kenan. Kar ka tura ko sisi.

Abba_Smally: Hhhh Sadiq kai da kanka ka ce kuɗin bai kai rabi ba, to me kake so mu ce kuma. Hoton ma ina tabbatar maka daga shafin wani Bature ya ɗauko, duba bayan karen ka gani ko akwai ciyawa kore shar da katangar katako.

Dakta_Hauwa_Vet: Wa alaikumus salam. Malam Sadiq tun kafin a je maganar damfara, abin da mutumin ya faɗa maka da bakinsa ya isa ka janye. Ba a yi wa ɗan sati biyar allurar haukan kare, sai ya kai wata uku. Ita kuma allurar farko, wadda muke kira DHLPP, mai kare shi daga cututtukan karnuka irin su parvo da distemper da sauransu, ana fara ta ne tsakanin sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati uku ko huɗu har ya kai wajen sati 16. To ta yaya ɗan sati biyar ya gama allura "duka"? Ko dai katin na bogi ne, ko wanda ya yi allurar bai san aikinsa ba, ko ba satinsu biyar ba, kuma duk wanda ka ɗauka a cikin ukun nan ba alheri ba ne.

Sannan ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati takwas. Ba don nono kaɗai ba, a wannan tsakanin ne yake koyon zama da 'yan uwansa, in ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi wancan ya yi ƙara ya daina wasa da shi, uwar ma ta tsawatar, a haka yake sanin iyakar haƙorinsa. Wanda aka cire da wuri sau da yawa shi ne yake tashi da tsoro da saurin cizo, kuma kai babban kare kake magana, namijin Boerboel yana haura kilo 60 in ya girma. Ka haɗa da tafiyar kusan kilomita dubu a but ɗin mota cikin zafi da hayaƙi, ba ruwa, ɗan abin da bai gama yaye ba. Ko da gaske yake zai aiko, ba lallai ya iso da rai ba.

Sadiq_MaiKaji: Dakta na gode ƙwarai. To in ba ta haka ba ta ina ake bi? Ni fa ban taɓa kiwon kare ba, kaji na sani.

Kabiru_Rayfield: Ni a Jos nake kuma ina kiwon German Shepherd, wanda mutanenmu ke ce wa Alseshan, bari in faɗa maka yadda mai kiwo na gaskiya yake. Zai ce ka zo gida. Shi ne farko shi ne ƙarshe. Ka zo ka ga uwar da idonka, ka ga 'ya'yan suna binta suna tsotso, nonuwanta a sake alamar ita ta haife su, domin akwai masu aro karya mai kyau su ɗaure a gefe don hoto alhali 'ya'yan daga wani wuri aka kwaso. Uban ba lallai yana gidan ba don yawanci kai karya ake yi barbara wani gida, amma dole ya nuna maka hotonsa da bidiyo ya faɗa maka inda yake, in kana so ka je ka gani. Ka duba wurin kwanansu, in wari ya kore ka tun daga ƙofa ka juya abinka. Ka tsaya ka ga halin uwar, in ta ganka ta yi haushi sannan maigidan ya yi magana ta natsu, madalla, amma in tana rawar jiki tana ɓuya ko kuma shi kansa mai ita yana tsoron buɗe kejin, to 'ya'yan ma ka sa ran haka.

Kuma in ka ji mutum yana da kowane iri, Rottweiler akwai, Caucasian akwai, Lhasa akwai, Pitbull akwai, kowane wata akwai 'ya'ya a ƙasa, wannan dillali ne ba makiyayi ba. Karya sau biyu take neman namiji a shekara, cikin kuma kwana 63 ne ko kusa da haka, mai kirki ma ba ya bari ta haihu a kowane zagaye, kuma ba ya haɗa ta a zagayen farko tana ƙarama. Saboda haka mai karya biyu ko uku dole akwai lokacin da zai ce maka babu, ka jira.

Umar_Faruq_Dala: Ku tsaya tukuna. Kowa ya zuba shawara amma ba wanda ya tambaya ko cinikin ma ya halatta. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim Annabi (SAW) ya hana kuɗin kare. Kuma wanda ya ajiye kare ana rage masa lada kullum. Musulmi da sayen kare kuma?

Malam_Sanusi_Zage: Umar Faruq hadisan da ka kawo sahihai ne, babu mai musu, amma ka kawo rabi ka bar rabi. Hadisin rage lada shi da kansa ya togace karen farauta da na kiwo da na gona. A Suratul Ma'ida aya ta 4 Allah ya halatta mana abin da dabbobin farauta da muka horar suka kamo. Shi kuma Sadiq dukiyarsa ta dabbobi yake son tsarewa a bayan gari, ba a falo zai kwantar da shi ba, malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadi a kan waɗancan ukun.

Maganar ciniki kuwa saɓani ne tsoho. Shafi'iyya da Hanabila sun hana gaba ɗaya, Hanafiyya sun halatta. A Malikiyya da muke karantawa a zaure, Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce an hana sayar da karnuka, an kuma yi saɓani a kan sayar da wanda aka yi izinin ajiyewa, amma wanda ya kashe irin wannan zai biya ƙimarsa. An ruwaito Sahnun, ɗaya daga manyan malaman Malikiyya, yana cewa zai sayar da shi har ya yi hajji da kuɗin. Shi kansa mai Risalar ana ba da labarin katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka ce masa ai Malik ya ƙi haka sai ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. To ka ga abin da faɗi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da saye ba sai ya nemi kyauta, amma kar mu mayar da mas'alar saɓani ta zama kamar ijma'i.

Umar_Faruq_Dala: Malam na ji, amma mashhurin mazhaba dai hani ne ko? Ni a nan na tsaya.

Malam_Sanusi_Zage: Haka ne, mashhuri hani ne, kuma tsayawarka a nan ba laifi. Abin da zan ƙara wa Sadiq, in ka ajiye shi haƙƙinsa ya hau kanka, ci da sha da inuwa. Mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba abinci, wani kuma an gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Baba_SarkinBaka: Yara ku dai kuna son wahala. Mu da muka tashi da karnuka tun muna bin iyayenmu daji ba mu taɓa sayen kare da kati ba. Karen gida ɗan ƙasa ya san zafin nan, ya san kaska, tuwo da ƙashi ya ishe shi, kuma kunnensa ya fi na wancan ƙaton naku. Ɓarawon kaji ba cizo yake tsoro ba, haushi yake tsoro, don shi ne ke tada maigadi da maƙwabta. Ka samu biyu, mace da namiji, daga wajen mafaraucin da ka san karyarsa, shi kenan. Amma maganar yaron nan na Jos gaskiya ce, mu ma uwa muke dubawa. Karyar da ba ta da zuciya ba ma karɓar ɗanta ko kyauta ne. Kuma ba a kiwon kare ranar farauta, wanda za ka ɗauko yau sai ya shekara kafin ya tsare maka komai, kafin nan ka gyara katangarka.

Dakta_Hauwa_Vet: Baba na yarda da kai a kan juriya, ɗan ƙasa ya fi jure zafi da cututtukan kaska nesa ba kusa ba. Amma haukan kare ba ruwansa da ɗan ƙasa ko ɗan waje, kuma karnukan farauta sun fi kowa haɗuwa da shi saboda yawo da faɗa da wasu. Don Allah Baba a riƙa kai su allura duk shekara, ba tsada, a nan gida ma ana sarrafa ta a cibiyar binciken dabbobi ta Vom.

Baba_SarkinBaka: 'Yata ana kai su yanzu, tun da aka fara zuwa yi mana a unguwa. Da can ne babu.

Bello_Sakkwato: Ni abin da nika son in ƙara, ku duba garinku kamin ku zaɓi iri. Wani maƙwabcinmu ya kawo Caucasian nan Sakkwato don ya ga girma da gashi kamar zaki. Wanga kare na duwatsun Kafkas ne inda ƙanƙara ka zuba, ka kawo shi inda zafi ka wuce 40 a watan Afrilu, ka sa shi kejin kwano. Kullum harshe waje yana haki, sai an jiƙa mai ƙasa da ruwa, bai ga damina ta biyu ba. Wanda ya sayar mai ko tambaya bai yi ba ina za a kai shi.

Kabiru_Rayfield: Bello ka taɓo wata babbar alama. Mai kiwo na gaskiya shi ne zai dame ka da tambaya, wane gari, akwai fili, akwai yara, wa zai kula da shi, me za ka ba shi ya ci. Ni na sha hana mutane, wani har ya ji haushi ya ce kuɗinsa ne. Jos da muke da sanyi saboda tudu ma sai mun kula da masu gashi a bazara balle Sakkwato ko Maiduguri. Wanda tambayarsa ɗaya ce "yaushe za ka turo" ka san me ya dame shi.

Maman_Hanan: Ni dai tsakani da Allah ban son wannan yayin na manyan karnuka. A layinmu akwai mai guda biyu, yini suke a keji cikin duhu wai don su yi zafi, da dare a sake su. Rannan get ya buɗe ɗaya ya fito da asuba lokacin yara na tafiya makarantar allo, Allah ne ya kiyaye wani mai shayi ya kore shi da benci. Malam Sadiq gonarka ba yara masu zuwa sayen ƙwai? Ba almajirai masu kwashe kashin kaji? Ka yi tunanin su ma.

Abba_Smally: Wai har barkono da wiwi ake ba su don su yi faɗa, haka na ji

Kabiru_Rayfield: Ana yi, kuma jahilci ne. Karen da aka kulle a duhu ba jarumi yake zama ba, matsoraci yake zama mai cizon duk abin da ya motsa, har mai shi. Watanni ukun farko su ne lokacin da ya kamata ya saba da mutane da ƙarar babur da janareta da kaji da awaki. Mai gadi na ƙwarai shi ne wanda ya san waye na gida waye baƙo. Hajiya Maman Hanan tana da gaskiya, kuma shi ya sa ni ba zan ba wanda bai taɓa riƙe kare ba shawarar ya fara da Boerboel ba. In ya kai wata goma ya fi ƙarfin dattijon maigadin nan, wa zai riƙe shi?

Issoufou_Tahoua: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina karanta ku ina dariya, kuna neman karen Afirka ta Kudu da na Jamus alhali Turawa nan suke zuwa neman namu. Karen Azawak, na Buzaye da sauran makiyaya a arewacin Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden har cikin Mali. Dogo siriri kamar bai ci ba, amma gudu gare shi har barewa yana kamawa, kuma shi ke tsaron zango da bisashe da dare. Ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amshe shi cikin jerin irinta a 2019, can kuɗi mai yawa ake saye. A al'ada makiyayi bai cika saida shi ba, sai dai ya ba wanda ya yarda da shi. Ban ce Sadiq ya zo ya ɗauka ba, don wannan kare na fili ne, in ka kulle shi cikin katanga ka cuce shi, kuma ina shakka a kan kajinka in ya gan su suna gudu.

Sadiq_MaiKaji: Hhh Malam Issoufou ka rufa min asiri, ina neman mai tsare kaji ka kawo min mai kama barewa.

Zee_Manchester: Bari in faɗa muku yadda ake yi a nan Ingila ko za a ƙaru. Tun Afrilun 2020 akwai dokar da ake kira dokar Lucy, ta hana dillalai da shaguna sayar da kwikwiyo ko 'yar kyanwa da ba su kai wata shida ba, dole ka saya kai tsaye daga wanda ya kiwata ko ka ɗauko daga gidan da ake tara waɗanda aka yasar. An sa mata sunan wata karya ce da aka ceto daga irin gonakin nan da ake tara karnuka suna ta haihuwa ba hutu. Mai lasisi dole ya nuna maka ɗan tare da uwarsa a inda aka haife shi, ba ya sayar da wanda bai kai sati takwas ba, kuma tun 2016 dole a sa wa kowane kare 'yar na'ura ƙarƙashin fata mai lambar da ke nuna mai shi. Yanke kunne don ado ma laifi ne. Duk da haka ana damfarar mutane a intanet a nan ma wallahi, lokacin kullen korona an sha kuka, a karɓi kafin alƙalami a kashe waya. To ku duba, inda akwai doka ma kenan.

Nazifi_Gwale: Mu nan dokarmu ita ce idonka. Shi ya sa na ce kar ya tura.

Yakubu_Kawo: Ni abin ya taɓa faruwa da ni amma ba ta intanet ba. A bakin titi na saya wajen masu ɗaga su a hannu a go-slow, kyakkyawa mai ƙiba, aka ce Alseshan ne tsantsa. Kwana kaɗan ya daina cin abinci, sai amai, sai gudawa da jini mai wani irin ƙarni da ban taɓa ji ba. Na kai asibiti aka yi ta ƙarin ruwa, kuɗin magani ya ninka kuɗin sayensa, ƙarshe ya mutu. Na koma wurin ban ga mai sayarwar ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, bayan wata biyu abokina ya ba ni wani, shi ma irin ciwon ya kama shi a gidan.

Dakta_Hauwa_Vet: Malam Yakubu parvo kenan, kuma na biyun a tsakar gidanka ya ɗauka. Ƙwayar cutar tana zama a ƙasa watanni, har shekara tana iya kaiwa a inuwa, kuma yawancin magungunan wanke ƙasa ba sa kashe ta sai bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30, shi ma a kan siminti, turɓaya ba ta wankuwa. Sannan tana ɗaukar kwana uku zuwa bakwai kafin ta nuna, wani lokaci fiye, shi ya sa za ka saye shi garau yana wasa alhali ya riga ya ɗauka. Inda ake tara 'ya'ya daga gidaje daban daban a keji ɗaya, kasuwa ko bakin titi, nan ne matattararta.

Tunda an zo nan bari in faɗi abin da za ka duba a jikinsa Malam Sadiq, ko ɗan waje ne ko na Baba. Ɗaga leɓensa ka ga dasashi, ya zama ja-ja mai haske, in ya yi fari fat jini ya yi ƙaranci, tsutsa ce ko kaska. Ido da hanci ba kwantsa ba majina. Ciki in ya yi tulu ga haƙarƙari a waje tsutsar ciki ce, ka tambaya yaushe aka ba su maganin tsutsa, ana farawa tun suna sati biyu a maimaita duk sati biyu. Duba cikin kunne da tsakanin yatsu saboda kaska, duba fata ko gashi ya zube wani wuri, duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai alamar gudawa, taɓa cibiya ko ta kumbura. Ka ajiye shi ƙasa ya yi tafiya ka gani, ka tafa hannu ta bayansa ka ga ko ya juyo. Katin kuma ba rubutun biro kawai ba, kowace allura akwai 'yar takardar da ake ɓarewa daga jikin kwalbar a manna, da lamba da ranar lalacewa, da sa hannu da hatimin likita. Ka karɓi lambar likitan ka kira shi. Ka kuma tambaya waye ya yi allurar, don wasu a kasuwa suke saye su yi da kansu, ita kuwa allurar nan in ta bar sanyi ta zama ruwa, ga halin wutarmu.

Abu na ƙarshe, ku yi yarjejeniya tun kafin ka biya cewa za ka kai shi wajen likitanka cikin kwana biyu ko uku, in an ga matsala ka dawo da shi. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan.

Kabiru_Rayfield: Ƙari a kan na Dakta, manyan iri irin namu suna da ciwon ƙugu na gado, mahaɗar ƙashin ba ta zama daidai, ba ka gani a kwikwiyo sai ya girma ya fara jan ƙafa. A waje hoton ƙashi ake yi wa iyayen kafin a haɗa su. Nan kaɗan ne ke yi gaskiya, amma asibitocin koyarwa na dabbobi irin na ABU Zariya suna ɗaukar hoto. Ko ba hoto ka sa a saki uwar ta yi gudu ka gani, in tana haɗa ƙafafun baya tana tsalle irin na zomo ko tana shan wahalar tashi, ka haƙura. Ka kuma tambayi dangantakar uwa da uba, don wasu wa da ƙanwa suke haɗawa saboda kar su biya kuɗin barbara.

Abba_Smally: Toh duk wannan bincike sai ka ce neman aure

Maman_Hanan: Ai gara haka Abba, shekara goma fa za a yi tare. Dakta ni tambayata daban, in Allah ya kiyaye kare ya ciji yaro me ake fara yi? Mu da muna yara gashin karen ake cirowa a ƙona a shafa a wurin.

Dakta_Hauwa_Vet: Hajiya gashin nan ba ya komai sai ƙara datti. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cikakku, a duba agogo, sannan a wuce asibiti a ranar a fara allurar rigakafi, kar a jira a ga alama, don in alama ta fito kusan babu mai tashi. Ko yaƙushi ne ko ɗan kwikwiyo ne ya yi, duk ɗaya. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ciwon nan duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Karen kuma kar a yi saurin kashewa a jefar, a tsare shi kwana goma ana kallo, in ya mutu ko dole ta sa an kashe a sanar da likitan dabbobi a kai kan gwaji. Duk 28 ga Satumba ake ranar yaƙi da cutar, jihohi da dama suna yin allura kyauta a lokacin, ku riƙa saurara.

Garba_Dawanau: Ni tambayata kuɗin ci. Kowa na maganar kuɗin saye. Sadiq ka san abin da ƙaton nan zai ci a wata? Kar ka zo ɓarawo na ɗaukar kaji biyar a wata kare na cin kuɗin goma.

Sadiq_MaiKaji: Na yi tunanin mushen kaji da fasassun ƙwai da ragowar tuwo za su isa ai, ba a rasa su a gona.

Dakta_Hauwa_Vet: A'a Malam Sadiq. Kazar da ta mutu ba ka san me ya kashe ta ba a binne ta ko a ƙona. In za ka ba shi kai da ƙafa da kayan ciki na wadda aka yanka, a dafa, kuma a cire ƙashin don dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Ragowar abinci mai albasa da tafarnuwa da yawa yana lalata musu jini. Kar a ba shi paracetamol ko ibuprofen in ya yi zazzaɓi, kar kuma a ɗauko maganin kaskar shanu a yi wa ɗan kwikwiyo wanka da shi, mun ga da yawa sun mutu ta haka.

Baba_SarkinBaka: Kuma duk karen da ya saba cin ɗanyar kaza da gashinta, wata rana da kansa zai shiga ya zaɓa. Tun yana ƙarami ake zagayawa da shi cikin kajin a igiya, ya kai baki a kwaɓe shi.

Sadiq_MaiKaji: Jama'a ga yadda muka yi da mutumin. Na ce masa ya kira ni ta bidiyo ya nuna min uwar da 'ya'yan tare, ya ce netwok ba kyau. Na ce to ina da ƙani a Agege zai zo ya gani da ido ya biya a hannu, sai ya ce gidan ba a shiga saboda tsaro, kuma wai mutum uku na layi in ban turo yau ba zai ba wani. Na ce ya ba su.

Nazifi_Gwale: Saura ka ga ya dawo gobe ya ce ya rage maka.

Zee_Manchester: Ka yi rifot ɗin shafin don Allah, wani zai faɗa.

Umar_Faruq_Dala: To tunda Baba yana da su ai sai ya ba ka kyauta kowa ya huta, ka fita daga saɓani.

Baba_SarkinBaka: Akwai karyar ƙanena da ta haihu, idonsu bai daɗe da buɗewa ba, ka zo ka ga uwar in ta yi maka. Ba ma karɓar kuɗi, goro dai ake kawowa. Amma sai sun yi wata biyu kamar yadda 'yata likita ta ce, mu da can sati shida muke bayarwa.

Kabiru_Rayfield: Ni dai har yanzu ina ganin wanda ya iya kwance injin ruwa ba haushi kaɗai zai kore shi ba, irin waɗannan da guba a nama suke zuwa. Ko wanne ka ɗauka ka koya masa kar ya ci abin da aka jefo ta katanga, kuma wannan horo ne mai wuya, ba kowane kare ke ɗauka ba. In ka shigo Jos ka zo ka ga nawa ko ba ka saya ba, ba ni da 'ya'ya a ƙasa yanzu ma.

Sadiq_MaiKaji: In sha Allah zan je duka biyun. Baba zan neme ka ta inbox. Dakta in na ɗauki mace da namiji kamar yadda Baba ya ce ba za su cika min gona da 'ya'ya ba? Ana yi musu fiɗiya ne ko yaya, kuma ba ya rage musu zafin gadi?

Garba_Dawanau: Nima ina jiran amsar wannan, tawa ta haifi takwas bara har yau ban gama rabar da su ba.